Raɗar da Baba Haggai Ya Yi Wa Tafinta

Shafi na 27

Masu cewa na cika azabtar da Leah, ku yafe ni. Ba ni na tsayar da ita a kotun nan ba, aikinta ne.

*

Tun daga nesa Leah ta gane taron yau ya fi na jiya. 'Yan kabu-kabu sun jera babura har bakin titi, 'yan sandan kwantar da tarzoma suna laluben duk mai shiga, jama'a kuma sun rabu gida biyu ba tare da kowa ya raba su ba. Mutanen marigayi suna ƙarƙashin darbejiya da manyan riguna. Mutanen kan tudu suna ɗaya ɓangaren a cikin rana, wasunsu tun asuba suka sauko a ƙafa.

Ta bi ta tsakiyarsu kanta a sunkuye. Ta ji ana cewa ga tafintar nan, da Hausa a damanta, da Dakarci a hagunta. Babu wanda ya gaishe ta.

Ta daɗe tana tafinta a Zuru. Rigimar gona, rigimar gado, satar akuya, duk ta tsaya a kansu. Amma ba ta taɓa tsayawa a shari'ar da igiya ke jiran mutum a ƙarshenta ba sai wannan.

Alhaji Maharazu Bena ba ƙaramin mutum ba ne. Daga Bena zuwa Mahuta babu kasuwar da ba a san motocinsa na hatsi ba, ga shi ya fito takara ana cewa babu mai kayar da shi. Bara da kaka, ana ta shirin zaɓe, aka tsinci motarsa a gefen hanyar Bena, shi da direbansa a ciki, an harbe su da rana tsaka. Garin ya kusa kamawa da wuta. Kafin a yi sadakar bakwai masu bincike suka ce sun kama wanda ya yi, suka nuna shi a talabijin zaune a ƙasa, an ajiye bindigar toka a gabansa. Baba Haggai ne, tsohon manomi daga kan tudu, wanda gonarsa ke bakin hanyar. Aka ce shanun Alhaji sun taɓa cinye masa dawa, aka ce ya riƙe abin a zuciya, aka ce ya amsa da bakinsa har ya dangwala yatsa.

Ran nan rabin garin ya rataye shi, ɗaya rabin ya wanke shi, tun kafin a kawo alƙali daga wani gari.

Hausar Baba Haggai ta cinikin kasuwa ce kawai, don haka lauyansa ya ce da Dakarci zai yi magana. Aka yi ta ja-in-ja kan wanda zai fassara, kowane ɓangare yana tsoron a ci shi da baki. Sai da aka ambaci Leah aka yi shiru. Uwarta Musulma ce 'yar Dirin Daji, ubanta Kirista ne ɗan kan tudu wanda ya rasu tun tana goye, kuma ba a taɓa kama ta da ƙara gishiri a maganar wani ba. Ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta rantse za ta faɗi abin da ta ji, ba ragi ba ƙari.

Abin da ya tsaya mata a rai yau mijinta ne. Ezekiel tsohon soja ne, ba ya shiga sha'anin aikinta, amma da safe ya tare ta a bakin ƙofa ya ce ta aika a ce zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tambayi dalili, ya ce jikinsa ne kawai bai ba shi ba. Dama tun kaka ya daina cin abincin kirki, yana zabura idan mota ta tsaya a ƙofar gida, ita kuwa ta ɗora abin a kan yaƙin Saliyo da ya dawo da shi a ka. Ta ce masa ta riga ta rantse, ta raɓa shi ta wuce.

Yanzu da ta shiga ɗakin shari'a ta ɗaga ido, sai ga shi a bencin ƙarshe, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

Tun da aka fara shari'ar bai taɓa zuwa ba.

*

Gandirebobi biyu suka shigo da Baba Haggai suna tallafe da shi. Hannunsa na dama ya shanye, yana reto kamar ba nasa ba. Murya kuwa babu ita, sai wata iska da ke fita daga maƙogwaronsa. Alƙali ya ce tafinta ta matsa jikin akwatin ta kai kunnenta bakinsa. Ya kuma ce ta juya maganar da Hausa, mutanen gari su ji da kunnensu, kada a fita a ce an ɓoye wani abu.

Maganar yau ɗaya ce: da son ransa ya dangwala yatsan nan ko tilasta shi aka yi. Jiya Insfekta Lukuman, jagoran binciken, ya rantse cewa ko ƙuda ba a bari ya taɓa tsohon ba, har shayi da burodi aka ba shi. Yau yana zaune a bayan lauyan gwamnati cikin farar shadda, yana juya makullin mota a yatsa. Mutum ne mai fara'a. Ko yanzu da suka haɗa ido da Leah sai da ya yi mata murmushi.

Barista Mubarak, lauyan tsohon, ya miƙe ya ce Baba ya faɗa wa kotu abin da ya faru bayan an kama shi.

Leah ta sunkuya. Numfashin tsohon ya bugi kunnenta, da zafi kamar na mai zazzaɓi.

A aikin tafinta ba a cewa “ya ce”. Bakin mai magana ake zama. Don haka da ta ɗago, da bakinta maganar ta fito kamar a jikinta aka yi.

“Sun kai ni wani ɗaki a bayan gini, babu taga. Sun ɗaure mini hannu da ƙafa ta baya, suka zura ƙarfe, suka ɗora ni tsakanin ganguna biyu kamar naman gashi.”

Wata mata daga ɓangaren mutanen tudu ta fashe da kuka, aka fitar da ita.

“Na ce ban kashe kowa ba. Suka sa mini leda a kai suka ɗaure. Da na suma sai su watsa mini ruwa, su mayar.”

Ta sake sunkuyawa.

“Bindigar da aka nuna a talabijin ba tawa ba ce. Tawa tana rataye a bukkar gona, ta birai ce. Da suka sauke ni, wani ya taka mini wuya da takalmi har na ji abu ya fashe. Hannuna ba ya motsi. Su suka kama yatsan suka dangwala.”

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce labari ne kawai aka koya wa tsoho. Alƙali ya ce ya zauna, lokacinsa na zuwa. Barista Mubarak ya tambaya ko wanda ya taka wuyan yana cikin ɗakin nan. Tsohon ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mai farar shadda.

Makullin bai daina juyawa ba.

Leah ta ɗauka an zo ƙarshen abin tsoro. Ta ce a ranta wannan ne Ezekiel yake guje mata, kada ta zama bakin da ya tona azabar 'yan sanda. Har ta ɗan ji sanyi, don ta faɗa kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Sai Barista ya yi tambayar da babu wanda ya shirya mata, har shi kansa.

“Baba, cikin duk manoman bakin hanyar nan, me ya sa kai aka ɗauko?”

Leah ta juya masa tambayar da Dakarci. Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ba kallon mai ba da shaida ba ne, kallon wanda ya san ka ne kai ba ka san shi ba. Ya kama gefen mayafinta da hannun hagu ya jawo ta kusa.

“'Yata,” ya raɗa, “ke ba ki san ni ba. Ni da ubanki muka yi golmo a gona ɗaya.”

Golmo, noman da samari ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Waɗanda suka yi shi tare 'yan'uwa ne har kabari.

“Ina yankan dawa ran nan. Na ga motar da ta tare Alhaji. Mutum biyu ne a ciki. Wanda ya fito ya yi harbi shi ne wancan mai farin kaya. Ya hango ni cikin karan dawa, shi ya sa ya dawo ya ɗauke ni.”

Ta so ta ɗago. Ya ƙara riƙe mayafin.

“Wanda ya tuƙo motar mijinki ne. Na san shi, na ci tuwon bikinku daga nesa. Duk dukan da aka yi mini ban faɗa ba, ko lauyana ban gaya wa ba, saboda ubanki. Duka na ɗauka, 'yata. Igiya ce ba zan iya ɗauka ba, ina da jikoki. Na sa a bakinki.”

Ya saki mayafin.

Babu wanda ya ji. Ɗakin cike yake da masu jin Dakarci, amma ko gandireban da ke tsaye a bayansa bai ji komai ba sai iska. Leah ta miƙe tsaye, ta ga fanka na juyawa a sama, ta ga bakin alƙali yana motsi, sai can ta gane da ita yake.

“Tafinta. Maganar ta yi tsawo. Me ya ce?”

Ta kalli bencin ƙarshe ba da niyya ba. Ezekiel na kallonta, kuma a fuskarsa ta ga amsar tambayar da ba ta yi masa ba tukuna.

“Tafinta?”

Tari ne ya cece ta. Ya sarƙe tsohon, ya dafe ƙirji, ya sulale a cikin akwatin, jini-jini a gefen bakinsa. Kotu ta hargitse. Alƙali ya buga guduma ya ce an ɗage zaman zuwa bayan azahar, a duba lafiyar wanda ake tuhuma, kuma kada tafinta ta yi magana da kowa a kan abin da ta ji, don har yanzu tana cikin rantsuwa.

*

Ba ta san yadda ta kai bayan ginin ba. Akwai tankin ruwa a wurin, ta buɗe famfon ta tara hannu, ruwan ya cika ya zube ba ta sha ba. Ta durƙusa ta amayar da kunun safe.

Takun da ta ji a bayanta ta san shi ko cikin barci.

“Maman Destiny.”

Ba ta juyo ba. Da Dakarci ya yi maganar, da Dakarci ta amsa.

“An hana ni magana da kowa.”

“Ya faɗa miki.”

“Baban Destiny, ka ce mini ƙarya yake yi. Ka ce tsufa ne da duka suka ruɗa shi. Ko mene ne ka faɗa, zan yarda.”

Ta juyo ta kalle shi, mutumin da ta yi shekaru tana wanke wa kaki, ta ga ya tsufa a tsaye.

A hankali ya ba ta labarin, yana waiwaye. Ya ce da ya bar soja ya dawo da bindiga guda ya binne a bayan gida, don tsoron 'yan fashi. Wani ya kai tsegumi, Lukuman ya zo ya tono ta lokacin tana wurin aiki. Bai kama shi ba, ya dai ce ya ajiye maganar, wata rana zai nemi alfarma. Ranar ta zo da kaka. Lukuman ya ce masa tuƙi kawai zai yi, akwai wani Alhaji da manya ke so a tsorata ya janye takara. Ezekiel ya rantse mata da kabarin uwarsa bai san za a yi harbi ba, sai ƙarar ya ji. Kuma da bindigarsa aka yi, tana hannun Lukuman har yau.

“Ka ga an nuna tsohon nan a talabijin,” ta ce. “Tare muke zaune. Ka ce in kashe, kanka na ciwo.”

“Me zan yi?”

“Ka bar ni na rantse. Ka san abin da zai iya faɗa, ka bar ni na ɗora hannu a kan Littafi.”

“Na ce miki kada ki zo yau.”

“Yau!” Ta toshe bakinta da kanta, don muryar ta fita. Ta rage ta. “Abokin golmon babana ne. Saboda ni aka shanye masa hannu. Kai kana gida kana cewa ba ka jin cin abinci.”

Ezekiel ya durƙusa a gabanta cikin laka, abin da bai taɓa yi ba ko ran da ya je neman aurenta. Ya ce ba don kansa yake roƙo ba. Ya ce ba ta san mutanen nan ba, Lukuman ɗan aike ne kawai, waɗanda suka aiko shi ba sa zuwa kotu. Idan sunan ya fita daga bakinta, ko ita ko shi ko yaran babu wanda zai ga ƙarshen mako. Ya ce ta gaya wa kotu tsohon ya yi surutai ne marasa kan gado, ya kira sunan matattu, wa zai ƙaryata ta? Babu wanda ya ji.

Wannan ne ya fi ba ta tsoro, don gaskiya ne. Babu wanda ya ji.

“Sannunku da hutawa.”

Su duka biyu suka zabura. Insfekta Lukuman na tsaye a kusurwar ginin, ya ɗage gefen shaddarsa kada laka ta taɓa. Ya ƙaraso a nitse, ya ce wa Ezekiel ya tashi, tsohon soja ba ya durƙusa wa mace a bainar jama'a. Sannan ya gai da Leah cikin ladabi, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya ce ya ji Destiny tana ƙoƙari a makaranta.

“Madam, aikinki akwai wuya,” ya ce. “Ni ba na jin yarenku, amma ina karanta fuska. Sana'ata ce.”

“An hana ni magana, ranka ya daɗe.”

“Ai ba ke za ki yi ba, ni zan yi, ke ki saurara.” Ya yi murmushi. “Tsoho idan ya ga rami yakan kama rigar duk wanda ke kusa. Sai dai rigar da ya kama ɗinkinta haɗe yake da ta wani. Idan aka ja ɗaya, ɗayar za ta biyo. Kuma ni bindiga ɗaya na sani a maganar nan, na san mai ita.”

Ezekiel ya sunkuyar da kai.

Leah ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi ta ce ko ta yi shiru, tsohon zai sake faɗa. Alƙali zai iya kawo wani tafinta gobe.

“Allah ya ba shi lafiya,” in ji Lukuman. “Motar gidan yari ta ƙi tashi, kin san halin kayan gwamnati. Sai yarana suka taimaka suka kai shi asibiti a tamu.”

Leah ta dube shi.

“Wane asibiti?”

“Tsoho ne, Madam, ga ciwon ƙirji. Irin wannan sai addu'a.”

Ya juya makullinsa, ya ce kada su makara, wannan alƙalin ba ya son jira. Ya tafi yana tsallake laka.

Ezekiel ya miƙo hannu zai taɓa ta. Ta ja da baya har ta bugi tankin. Ta wanke bakinta, ta gyara mayafi, ta bar shi a wurin.

A barandar kotu wata mata ta tare ta. Hajiya Rabi ce, matar marigayi, wadda tun da aka fara shari'ar take zama a gaba cikin baƙin hijabi ba a taɓa jin muryarta ba. Danginta suna kiranta ta dawo, ba ta kula su ba. Ta kama hannun Leah da hannu biyu, hannuwan sun fi na Leah sanyi.

“Ɗiyata, na ga huskarki sa'ad da tsohon ga ke magana. Ban san mi yac ce ba, ban kuwa tambaye ki ba.” Ta matse hannun. “Ni dai tun ran da na gane shi a talabijin zuciyata ba ta kwanta ba. Kada a kashe wani da sunan mijina, in tashi da shi gaban Allah.”

Ta saki hannun ta shige.

*

Da aka dawo, akwatin babu kowa.

Babban gandireba ya miƙe yana share gumi ya ce an garzaya da wanda ake tuhuma asibiti. Alƙali ya tambaya wa ya kai shi. Da ya ji amsar sai ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana kallon mai farar shadda. Ya ce mutumin da ke hannun gidan yari ba shi da abin yi a motar waɗanda yake ƙara a kansu, a je yanzu a gano inda yake a dawo a gaya masa. Gandireban ya fita da gudu. Barista Mubarak ya bi shi da ido.

Lauyan gwamnati ya ce tun da babu wanda ake tuhuma, sai a ɗage zaman zuwa wani lokaci.

Leah ta maimaita maganar a ranta. A ɗage. In aka ɗage za ta koma gida, ta kwashe yara, su kama hanyar Dirin Daji wurin dangin uwarta kafin magariba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta faɗi gaskiya ba. Ta kama kanta tana roƙon Allah a ɗage, kunya ta rufe ta, amma ba ta daina roƙon ba.

Alƙali ya ce za a ɗage, amma da sauran abu guda. An yi tambaya a gabansa, wanda ake tuhuma ya ba da amsa yana tsaye a cikin akwati. Amsar nan ta riga ta zama ta kotu, ba ta tafinta ba ce da za ta tafi da ita gida.

“Malama Leah, matso.”

Ta matso. Ta tsaya jikin akwatin da babu kowa, ta dafa katakon. Inda tsohon ya sulale an watsa ƙasa a kan jinin.

“Kina cikin rantsuwa. Kin tuna?”

“Na tuna, ya Mai Shari'a.”

“Me ya ce?”

Ta ji kowane numfashi da ke ɗakin. Mutanen darbejiya da mutanen tudu sun cika tagogi, kai bisa kai. Hajiya Rabi na gaba, ta runtse ido, leɓunanta na motsi. Lukuman ya jingina da kujera ya harɗe ƙafa.

Kalmomin da Ezekiel ya ba ta suna nan a kan harshenta, a shirye. Surutai ne, ya Mai Shari'a. Sunan matattu yake kira. Da ta faɗe su shi ke nan, kowa ya tashi.

Ta tuna zafin numfashin nan a kunnenta. Wataƙila a yanzu haka ma babu shi a duniya. Idan babu shi, duk abin da ya rage na Baba Haggai yana cikin bakinta.

“Ya ce yana gonarsa ran da aka kashe Alhaji,” ta ji kanta tana faɗa. Muryar ƙarama ce, kamar ta yarinya. “Ya ce ya ga motar da ta tare shi.”

Wani ya yi salati a taga. Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

“Ci gaba.”

“Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya yi harbi. Wanda ya yi harbin ya hango shi, shi ya sa aka kama shi.”

Makullin ya daina juyawa.

“Ya san su?”

“Ya san su.”

“Ya faɗi sunayensu?”

Ta ga fuskar Destiny da kayan makaranta, ta ga ƙofar gidansu, ta ga mota na tsayawa a bakinta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

“Ya nuna mini su, ya Mai Shari'a. Duka biyun suna cikin ɗakin nan.”

Alƙali ya dubi ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya ce a rufe ta, kada kowa ya fita. Ya ɗauki alƙalaminsa.

“Kotu na saurare.”

Ta buɗe baki.

Benci ya yi ƙara a can baya.

“Ya Mai Shari'a.” Muryar Ezekiel ce, da Hausa, irin muryar da yake amsa kira da ita a fareti. “A bar matata. Ni na tuƙa motar. Ni zan faɗi sauran.”

Duk ɗakin ya juya baya.

Leah kaɗai ce ba ta juya ba, don idonta na kan Insfekta Lukuman. Ya sauke ƙafarsa. Ya ajiye makullin a kan benci a hankali, ya zura hannu ƙarƙashin farar shaddarsa.